Shafukan da babu magana a cikinsu

Shekara 11 ke nan ina harkar ɗab'i a Fagge, cikin Kano. Mu biyar ne a shagon, da injin Kord guda ɗaya. Abincinmu katin biki, kalanda da rasit, sai littattafan soyayya lokacin da kasuwarsu ke ci. Littafin zane kuwa ban taɓa buga shi ba sai bara.

Wata yarinya da ta karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta kawo shi. Labarin Dodo ne, amma ba mai cinye yara irin na tatsuniya ba. Wannan yana zaune shi kaɗai a bakin kududdufi bayan ganuwa, ba mai yi masa sallama. Sai ga wata yarinya da aka kawo riƙo daga ƙauye, ba ta da ƙawa ko ɗaya. Kullum aka aike ta ɗiban ruwa sai ta zauna kusa da shi. A hankali 'yan unguwa suka saba da shi, har ya zama shi ke riƙe wa mata tulu.

Da na ƙirga shafuka sai na ga 60. Mu a wurinmu littafi 16-16 yake tafiya, don haka ko dai a rage shi zuwa 48, ko a cika shi 64. Kowane ƙarin shafi takarda ce da faranti (ƙarfen da ake ɗora rubutu da zane a kansa a sa a inji) da man janareta. Akwai shafuka 12 da ba kalma ko ɗaya, daga Dodo sai ruwa sai inuwarsa.

Na ce, "'Yata, waɗannan ai kuɗi ne za mu zuba a kan shiru. A cire su."

Ta ce, "Baba, in ka cire su, wa zai san ya daɗe shi kaɗai?"

Na tafi da zanen gida, na buɗe bayan sallar isha'i. Sai da na wuce shafukan nan ɗaya bayan ɗaya sannan na ji nauyin sallamar farko da yarinyar ta yi masa. Mai zanen ta yi gaskiya. Muka cika 64, muka bar cikin baƙi da fari don faranti ɗaya ya ishe mu a kowane bugu maimakon huɗu, bangon kaɗai muka yi wa kala huɗu. Wahalar da ta rage ta haruffa masu lanƙwasa ce: salon rubutun da ta zaɓa ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sai da ta zauna ta rubuta duk maganganun da hannu.

Kwafi 1,000 muka buga, har yanzu da saura a shago. Makarantu masu zaman kansu ne suka fi ɗauka.

Ranar haɗa littafin, yaron da ke ninke mana takarda, wanda shi ma daga ƙauye aka kawo shi karatun allo, ya tsaya a shafin kududdufin ya daɗe. Da za mu tashi ya ce, "Oga, wanda tawada ta ɓata ɗin nan, zan iya tafiya da shi?" Na ɗauko masa mai kyau daga cikin ɗauri.