Asabar: motar da ta ƙi jin birki

Ƙarfe goma da rabi na dare, an ɗauke wuta, ina tsakar gida a kan tabarma. Motata ta wasa, mai aiki da rimot, tana gefena, bambarta ta gaba a tsage.

Da hantsi muka fita, ni da ɗan yayata, zuwa wani fili a nan Arkilla inda yara ke buga ƙwallo da yamma. A bazarar Sakkwato in ba ka fita da wuri ba ka haƙura, don kafin azahar zafi ya haura 40, batir kuwa ba ya son haka. Na kunna rimot, sannan na kunna mota, kamar yadda na saba. Zagaye biyu lafiya lau. A na uku na tura ta ɗan nesa, tazarar da ba ta kai tsawon filin ba, na saki kunamar rimot. Ba ta tsaya ba. Na tura kunamar gaba don birki, na murɗa sitiyari, ko a jikinta. Ta miƙe ɗoɗar ta nufi bakin titi inda wata dattijuwa ke tuyar masa, ta bi ta ƙarƙashin bencin masu saye, ta daki bulo ta kife, tayoyi na ta juyawa a sama.

"Kawu, wagga mota iskoki gare ta!" in ji yaron, yana dariya har da riƙe ciki. Ni kam ban yi dariya ba, tanda da mai a kan wuta nake hange. Na ba Inna mai masa haƙuri, ta ce, "Ɗan nan, kai da girmanka?" Na sayi masar ɗari biyar don kunya.

Zuciyata ta tafi kan rimot kai tsaye, har na fara lissafin kuɗin sabo. Da muka dawo gida na canja masa batura, na ɗora motar a kan bulo yadda tayoyinta ba sa taɓa ƙasa, na gwada. Komai daidai. Sai na yi abin da ya kamata in yi tun kafin in bar gida: na ba ta wuta kaɗan, na kashe rimot ɗin gaba ɗaya. Tayoyi suka ɗauki gudu.

Nan jikina ya yi sanyi. A cikin risiba, ɗan akwatin da ke karɓar umarni daga rimot, akwai abin da masu wannan wasa ke kira felsef. Aikinsa ɗaya ne: in saƙo ya yanke, risiba ta mayar da totur wurin da aka tanada mata tun farko. Ana so wurin nan ya zama tsakiya, ba gaba ba baya, ko kuma birki. Amma risiba ba ta san alheri ko sharri ba, duk inda ta tarar da kunama a lokacin saiti shi take haddacewa. Makon jiya na sake ɗaura wa rimot da risiba aure, wato na haɗa su su san juna, bayan na wanke ƙura, na saita felsef ina hira da maƙwabcina, kuma na tuna sarai yatsana yana kan kunama. Wato da hannuna na ce mata, in kin daina jin muryata ki taka wuta. Ta kuwa cika alkawari.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Na duba ɗan maɓallin daidaita totur ya koma tsakiya, na ɗauke hannuna daga kunama, na danna maɓallin risiba da tsinken sakace har fitilarta ta yi ƙyafta-ƙyafta. Na kashe rimot sau biyar, sau biyar tayoyi suka tsaya cak.

Saura tambaya ta biyu: me ya yanke saƙon a tazarar da ba ta taka kara ta karya ba? Ina yaro, rimot masu aiki a zangon rediyo na megahaz 27 muka sani, masu doguwar eriya, waɗanda in biyu suka haɗu a kan zango ɗaya sai rimot ɗinka ya tuƙa motar wani. Na yanzu gigahaz 2.4 ne, kowane rimot da risibarsa, don haka ban zargi kowa ba. Na cire murfin motar na bi wayar eriyar risiba da yatsa. Bakinta ya guntule. Wayar nan mai riga ce, kuma ɗan tsiraicin da ke ƙarshenta, kimanin milimita 31, shi ne ainihin eriyar. Tawa ko rabin haka bai rage ba, ga alama gefen murfi ne ya yi ta gugarsa.

Bayan la'asar na kai wa wani mai gyaran waya da na saba da shi. Ya juya ta ya ce, "Malam, mi za a yi mata?" Na nuna masa. Ya sa reza ya feɗe rigar waje da saƙar ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ya bar farar cibiyar, muka auna da rula. Hannunsa bai ko girgiza ba. Ya ƙi karɓar kuɗi, wai a bar shi ya tuƙa ranar Juma'a.

Kafin magariba muka koma filin. Na ba yaron motar ya riƙe ta sama, na yi ta tafiya ina murɗa sitiyari, shi kuma yana ɗaga hannu in tayoyi sun amsa. Har na kai ƙarshen fili yana ɗagawa.

Abu ɗaya ya rage. In ta shiga rairayi mai zurfi na murɗa sitiyari har ƙarshe, takan ɗan ɗauke kamar ƙiftawar ido. Ina zargin injin sitiyarin ne ke zuƙe wuta, bolt 6 ɗin da ake ba risiba ya faɗi, ta mutu ta farfaɗo. Felsef ba ya maganin wannan, tunda ita risibar ce a sume. Gobe zan nemo kafasita, ɗan abin da ke ajiye wuta ya cike giɓi in ta faɗi, in soka a ramin da ya rage a jikin risibar in gani. Batirin kuma yana cikin tsohuwar tukunyar ƙasa a zaure don gudun gobara, sai an kawo wuta zan yi caji, ina zaune a kansa.