Abin da shadda yadi biyar ta koya mini

Ranar 14 ga Fabrairu, 2022, malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aikin gargaɗi na mako huɗu. Ina aji uku a lokacin, sai na tattara littattafaina na koma gida Kano da niyyar in yi bitar darussan zangon gaba ɗaya kafin a dawo, har jadawali na rubuta na manna a bangon ɗaki. Mako huɗu suka cika, aka ƙara wa'adi, jadawalin yana nan ƙura ta rufe shi, ni kuwa na zama mai komawa barci bayan sallar asuba, ba na tashi sai hantsi ya dubi ludayi, da dare kuma waya tana hannuna har ƙarfe biyu. Shekara da shekaru ina ɗaukar kaina mai himma, ashe tsoron jarrabawa ne da lokacin lacca suke kora ni, kuma da aka janye su ban sami wani abu nawa na kaina da zai tashe ni daga kan katifa ba.

Mahaifina bai yi mini dogon faɗa ba. Ya kama hannuna ya kai ni shagon wani dattijon tela a unguwarmu, ya ce a koya mini ɗinki. Makonnin farko ban taɓa keke ba. Shara nake yi, in hura gawayi a dutsen guga, in ɗinka maɓalli, in warware ɗinkin da ya karkace da reza, a aike ni Kantin Kwari sayen zare. Maigida ba ya kirana da sunana, sai dai "ɗan boko", kuma yaran da na girme su da shekara shida su ne suke gyara mini riƙon allura. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a zuciyata ina ganin wanda ya ci jarrabawar shiga jami'a ya fi ƙarfin hura gawayi.

Azumi ya kama a farkon Afrilu, aiki ya taru, muna zama daga bayan asham har kusan sahur, a nan ƙafata ta saba da keken Butterfly. Bayan ƙaramar Sallah maigida ya fara koya mini yanka, wanda shi ne asalin sana'ar, tunda ɗinki idan ya lalace ana warwarewa, amma inda almakashi ya bi ba ya komawa.

Ana saura kwana shida Babbar Sallah, wadda ta faɗo ranar 9 ga Yuli, maigida ya miƙa mini shadda gezna yadi biyar ta wani Alhaji, ya ce in yanka kaftani da wando. Awon yana cikin littafi, na duba sau ɗaya, na rufe, na dogara da ƙwaƙwalwata domin ina so a ga saurina. Tsawon rigar inci 42 ne, ni kuwa na yanka a 38. Da na gane, sai na ninke shaddar na cusa ta ƙarƙashin tarin kaya, na kwana biyu ina saƙa da warwara, har na shirya cewa yadin ne bai cika ba tun daga kasuwa.

A rana ta uku maigida ya zaro ta da kansa, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora tef. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗan boko, babu telan da almakashi bai taɓa cin amanarsa ba. Kwana biyun da ka ɓoye su ne ɓarnar, domin da ka faɗa tun ranar, da tuni mun nemo irinta a Kwari." Sannan ya ce ni zan je in faɗa wa mai kaya da bakina. Ban taɓa yin tafiyar da ta yi mini nisa kamar wannan ba, alhali layi uku ne tsakani. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne na ɓata maka shadda." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, amma ka san Sallah ba ta jira." Maigida ya sayo wata mai kama da ita, launin bai zo daidai ba, muka kwana muna ɗinki, aka riƙa cire kuɗin daga ɗan abin da ake ba ni har wata uku.

A daren nan, ina taka keke, wani kwas da na faɗi a aji biyu ya faɗo mini a rai. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa malamin ne bai iya koyarwa ba. Gaskiyar ita ce tun mako na uku na daina fahimta, kunya ta hana ni tambaya, na yi ta gyaɗa kai a aji har ranar jarrabawa. Halin guda ne: gaggawa domin a yabe ni, sannan ɓoye kuskure har ya ruɓe. Daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida a shago, ba na ɗaukar almakashi sai na rubuta awo da alli a jikin yadin, na gwada sau biyu, kuma duk ɓarnar da na yi da safe sai maigida ya ji ta kafin azahar.

An janye yajin aikin ranar 14 ga Oktoba, bayan umarnin kotu, wata takwas cif. Ba zan ce na warke ba, domin har yanzu waya tana cin darena fiye da yadda ya kamata. Amma a makon farko da komawa, malami ya yi wani bayani ya tambaya ko an gane, aji ya amsa, ni kuwa na ɗaga hannu na ce ban gane ba. Wasu suka yi dariya, ya maimaita, sai na ga na kusa da ni ma yana rubutawa. Ita kuwa shaddar da na gajarta, maigida ya sa na rage ta na ɗinka wa ƙanena kaftani, da shi ya je masallacin Juma'a har ya yi masa kaɗan.