Shayin La'asar da haƙorina

Shekara 11 ke nan ina Jidda, kuma kullum bayan La'asar sai na zauna da dabino da shayi mai sukari cokali uku. Watan jiya matauni ya hana ni barci. Likita ta duba ta ce, "Baba, rami ne, ya kusa taɓa jijiya."

Ashe ƙwayoyin cutar baki ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cinye ɓawon haƙori. Wata ruɓewar a saman matauni take farawa, wata a tsakanin haƙora inda aswakina ba ya kaiwa, ta tsofaffi kuma a saiwa idan dasashi ya janye. Jikokina nake ji, wallahi, masu kwana da alewa a baki.