Ranar da R ya ce dubu ɗari lamba biyar ce

Jumma'ar nan zan miƙa kwamfutar ofis da katin shaida, bayan shekara uku ina tsaftace bayanan da ma'aikatanmu na fili ke kwasowa. Waɗanda muka zauna ɗaki ɗaya sun san da abin da zan fara, wato teburin jarin 'yan kasuwa.

Oga ne ya ce a raba su gida-gida bisa yawan lambobin da ke cikin jarin kowa: masu lamba biyar ƙanana, masu shida matsakaita, masu bakwai manya. Na ce masa, "Yallaɓai, da mun sa iyaka kawai, ƙasa da 100000 da sama da haka." Ya ce shi tun zamanin Excel haka yake yi, kuma bai taɓa ganin matsala ba. Na yi shiru, na rubuta nchar(jari) a R, manhajar da muke sarrafa bayanai da ita. Na gwada da 45000 ya ba ni 5, na gwada da 123456 ya ba ni 6. Na tura, ya duba, ya ce ya yi.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne nchar haruffa yake ƙirgawa. In ka ba shi adadi, sai R ya fara mayar da shi rubutu, kuma yana zaɓar sigar da ta fi gajarta. 100000 gurbi shida ne, 1e+05 kuwa, wato gajeren rubutun 1 da sifili biyar a bayansa, gurbi biyar, don haka ya ɗauki ta biyun, amsa ta fito 5. Haka 200000, haka 500000, har miliyan ɗaya cur, wadda ta koma 1e+06. Ita 150000 ta tsira, domin 1.5e+05 ta fi ta tsawo. 10000 ma ta tsira, don in sigogin biyu suka yi kunnen doki, ta yau da kullum yake ɗauka.

To wane ɗan kasuwa ne za ka tambaya jarinsa ya ce maka 123456? Dubu ɗari zai ce, ko ɗari biyu, ko rabin miliyan. Daidai irin adadin da mutanenmu ke faɗa shi ne wanda layina ya kasa ƙirgawa. Mai shagon miliyan ya tashi gida ɗaya da mai tallar gyaɗa.

A gaban masu ba da kuɗin aikin asiri ya tonu. Wata mata cikinsu ta tambayi dalilin da matsakaita suka yi ƙaranci haka. Aka buɗe fayil a allo, layi na uku ga 300000 zaune cikin ƙanana. Oga ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, kai ka haɗa wannan teburin ko?"

"Ni ne, yallaɓai."

Bai ƙara kalma ba. Bai ce shi ya zaɓi hanyar ba, bai ce ya duba ya amince ba. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nawa. Kuskuren nawa ne, ban musa ba, amma mu biyu muka ɗauko kayan.

Daren nan ban runtsa ba. Na fara da lissafi, floor(log10(x)) + 1, ya gyara dubu ɗari, sai ga waɗanda suka ce ba su da jari ko sisi: log10 na sifili -Inf ne, wato ƙasa mara iyaka, na adadin da ke ƙasa da sifili kuma NaN, wato ba adadi ba. Na koma nchar(format(x, scientific = FALSE)), sai kowa ya fito da amsa iri ɗaya, ashe format yana cike gajeru da sarari don su kamo mafi tsawo, sai ka ƙara trim = TRUE. Ana kiran assalatu na tsaya a kan nchar(sprintf("%.0f", abs(x))). Da na san options(scipen = 999), mai hana R rubuta adadi a sigar 1e+05, tun farko, da layi ɗaya a saman fayil ya raba ni da kunyar nan.

Sauran abubuwan ba su yi mini ciwo kamar wannan ba. Lambar waya mai lamba 11 tana zubar da sifilinta na farko in aka karanto ta a matsayin adadi, don haka ita da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, a shigo da su a matsayin rubutu. NA alamar gurbin da babu bayani ce, amma nchar(NA) yana ba da 2, kada ku yarda da shi. Umarnin da aka ba ka da baki, ka mayar da shi imel kafin ka taɓa komai, ko da mai ba da shi yana maka murmushi.

A rahoton ƙarshe an raba jarin da cut(), umarnin da ke raba adadi bisa iyaka, aka sa iyaka a 100000 da 1000000, kamar yadda wani ya taɓa ba da shawara. A shafin godiya an yaba wa Oga bisa inganta tsarin rabon. Fayil ɗin gwajin da na rubuta bayan taron yana nan a babbar ma'ajiya, layinsa na farko 100000 ne, wanda zai gaje ni kada ya goge shi.