Saƙon godiya bayan buɗe gadar garinmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, shekaranjiya tifa ta haye sabuwar gadar da kaya niƙi-niƙi, ba wanda ya sauka ya tura. Duk kun san abin da muka shiga tun da ruwan Agusta ya cinye kwalbatin nan, ba sai na maimaita ba. Wahalar ɗaukar buhun masara a ka, yaran da suka daina zuwa sakandare, takin da ya maƙale a ƙetare, duk tare muka sha. Jikina har yanzu bai dawo daidai ba, amma in ban yi wannan godiyar yau ba, hakkin mutane zai zauna a wuyana.

Daren da naƙuda ta kama maiɗakina nake so in tsaya a kai. Ungozoma ta yi iya ƙoƙarinta, ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu ta zo da tocila a baki tana dubawa, sai ta ja ni gefe ta ce, "Malam, jinin nan ya fi ƙarfinmu, sai babban asibitin Shika." Na ji maganar, na kuma ji ƙugin rafin daga inda nake tsaye. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Muka iso bakin ruwa da ita a amalanke, ruwa ya kai ƙirjin babban mutum, ba wanda ya ce uffan.

Mai shayin bakin tasha ya roƙe ni kada in ambace shi. Ya yi haƙuri, sunansa kawai zan ɓoye. Shi ne ya koma da gudu, ya share gwangwanayen madara da burodin da ke kan teburinsa suka zube cikin taɓo, ya kinkimo teburin a ka. Aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da ita, aka ɗaure da zanin surukata. 'Yan acaɓan majalisar gindin darbejiya suka tuɓe riguna suka ɗaga. Ni ina ta kuka kamar ƙaramin yaro, sai mai shayin ya daka mini tsawa: "Malam, ba lokacin kuka ba ne, riƙe mana fitila!" A tsakiyar ruwa ƙafar ɗayansu ta zame, tebur ya karkace, na ga hannunta ya sauko yana taɓa ruwa. Wallahi a wannan lokacin na riga na sallama. Yaron ya nutse ya taso, bai saki ƙafar teburin ba. Washegari aka ga ƙusa ta yage masa tafin hannu, ko a bakinsa ban ji ba.

Allah Ya saka muku da Aljanna Firdausi. Allah Ya yi wa iyayen da suka haife ku rahama, Ya ba ku 'ya'yan da za su tsaya muku ranar da ƙafa ta gaza, Ya tsare baburanku da hanyoyinku. Direban da ya jira mu a ƙetare cikin ruwan sama, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, Allah Ya buɗa masa. Likitoci da nas-nas na Asibitin Koyarwa da ke Shika, da ɗalibin da ya ba da jini bai san mu ba, Allah Ya biya ku. Uwa da jaririya suna lafiya, yarinya har ta fara zama.

Sai maganar aiki. Mai girma Dagaci da masu unguwanni sun yi ta zarya, Liman bai bar Juma'a ta wuce bai tuna wa jama'a gayya ba, mata kuma su suka riƙa dafa wa masu jido abinci daga rumbunansu. Kansilan mazaɓarmu ya shiga ruwan da ƙafarsa, na gani da idona. Shugaban ƙaramar hukuma ya zo da injiniya daga sashen ayyuka, kuma injiniyan ya faɗa mana gaskiya: tsohon kwalbatin bututu ne mai ƙaramin baki, leda da karan dawa suka toshe shi, ruwa ya rasa hanya ya bi ta gefe ya zaizaye ƙasar. Wannan da aka yi mai kusurwa huɗu ne, da rodi a ciki, da katanga a kowane gefe don ta riƙe ƙasa. Siminti da rodi da gireda daga ƙaramar hukuma suka fito, yashi da dutse da gumi namu ne.

Wasu na cewa me ya kai ni gode wa hukuma a kan abin da yake hakkinmu. Hakkinmu ne, ban musa ba, kuma takardarmu ta farko ta daɗe a kan tebur kafin a waiwaye mu. Amma jihar Kaduna ƙananan hukumomi 23 gare ta, mazaɓu 255, kowace da nata kukan. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, talaka ya gane cewa sakatariya ce wurin da zai fara kai kokensa, kuma waɗanda aka zaɓa a watan Oktoban shekarar sun san ido na kansu. Wanda ya yi aiki a faɗa, don wanda bai yi ba ya ji kunya.

'Yan'uwanmu na Kaduna da Abuja, mun ga saƙonninku a WhatsApp, mun gode da addu'a. Ƙungiyar 'yan garinmu da ke Kawo ta aiko da gudummawa, Allah Ya ƙara arziki. Sai dai akwai waɗanda muke ciki ɗaya da su, tafiyar da ba ta kai yini ba, har aka yi suna aka share arba'in ba su leƙo ba. Ban riƙe kowa a zuci ba. Iya ce dai take ta tambayata ko hanya ce har yanzu ba ta gyaru ba, ni kuwa na rasa amsar da zan ba ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a yi addu'a a ƙofar gidan Dagaci, kowa ya zo. Asabar kuma akwai gayyar yashe magudanar da ta taso daga kasuwa, don injiniya ya ce in aka ci gaba da zuba shara a ciki, sabuwar ma toshewa za ta yi. Mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya zo da baro, da hantsi za a fara.