Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsoro na Daji, Kunya na Gida

Na yi alkawari makon jiya cewa yau zan shiga maganar aurena na fari da tashinmu daga Unguwar Juma zuwa Tudun Wada. A yi mini haƙuri, auren zai jira. Ɗan Yaya Babba, wanda ya karanta lauya a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya, ya zo gaishe ni ranar Juma'a, bai ko ajiye kofin ruwa ba ya ce, "Baba, na karanta abin da ka rubuta. Kwalliya dai ka yi wa kotunanku. Ai doka a ƙasar nan sanda ce a hannun mai ƙarfi." Ban tanka masa a zaure ba, don ba a musu da ɗa a gaban baƙi. A nan zan ba shi amsa, kuma da yadda aikin yake tafiya zan amsa, tunda shekara 35 na yi ina riƙe da rajistar kotu.

Kawu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi muhuti, wato magatakarda, a kotun alƙali tun zamanin En'e, hukumar sarakuna ta da, ba ya buɗe baki a kan shari'a bai ce "tsoro na daji, kunya na gida" ba. Dogari da ɗan doka da gidan yarin Ƙofar Doka, su ne tsoron. To amma gidan yarin nan ko mutanen unguwa ɗaya ba zai ɗauka ba. Sauran mutanen Birni da Tudun Wada da Sabon Gari, me ya riƙe su? Kawu ya ce kunya ce, kuma kotun da ta san aikinta da kunyar take aiki, tsoron kuwa ajiye shi take a bayan ƙofa sai ta ɓaci.

Mu ɗauki ƙarar bashi, tunda ita ce tuwon kotu na kullum. Mai ƙara zai zo wurin rajistara ya faɗi da'awarsa: nawa ne, na mene ne, yaushe aka karɓa, a gaban wa. In ya ce "wajen kaza ne" sai a ce ya koma ya tuno, don da'awar da ba a tantance ba alƙali ba ya sauraronta. Ya biya kuɗin ƙara, a yanka masa rasit, a rubuta sammaci kwafi biyu, masinja ya ɗauka. To a nan gizo ke saƙar. Masinjan da ya san hannunsa ba ya zarcewa gidan wanda ake ƙara, wurin mai unguwa yake fara sauka. Mai unguwa ya haɗa shi da yaro, ko ya aika a kira mutumin zaurensa. A miƙa masa kwafi ɗaya, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a bayan ɗayan, masinja ya komo da shi a saka a fayil. Kafin la'asar matan gida sun ji, majalisar mai shayi ta ji, liman ya ji. Sau da yawa ranar zama mai ƙara shi kaɗai za ka gani, ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na janye, 'yan'uwansa sun biya." Alƙali bai buɗe littafi ba, ɗan sanda bai taɓa rigar kowa ba.

Inda abin ke lalacewa shi ne masinja malalaci ya ba yaro takardar a ƙofar gida, ko ya kai wa mai irin sunan, don a layi ɗaya sai ka sami Malam Sani uku. Duk hukuncin da aka yanke a bayan idon mutum babu shaidar sammaci ya shiga hannunsa, kotun sama rushe shi take yi, a koma farko, wata shida ya tafi a banza. Mai ɓuya kuwa, kotu ta ba da izini a liƙa takardar a ƙofar gidansa, kuma liƙawar ta fi karɓa a hannu ciwo. Sai wanda ya karɓa ya ƙi zuwa ne ake rubuta wa takardar kamu.

In an zauna, aikin alƙali na farko shi ne ya gane wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake da'awa a kansa, don ba kullum wanda ya riga zuwa kotu ne mai da'awa ba. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Shaidu biyu ake nema, adilai. Ɗa ba ya yi wa ubansa shaida, mata ba ta yi wa mijinta, maƙiyi ba ya shaida a kan maƙiyinsa. Kuma ana ba ɗaya ɓangaren dama ya soki shaida. A nan ne za ka ga mutumin da ke tafiya da ƙafafa a unguwa an ce masa a bainar jama'a, wannan ai ɗan caca ne, ba a karɓar maganarsa. Mutane da yawa sun kiyaye kansu shekara da shekaru saboda gudun ranar da za a ƙi karɓar shaidarsu. A maganar dukiya, in shaida ɗaya ne, mai da'awa ya cika da rantsuwa. In babu ko ɗaya, wanda ake ƙara ya rantse ya kuɓuta. In ya noƙe, a juya rantsuwar ga mai ƙara, ya rantse ya karɓi haƙƙinsa.

Rantsuwar nan ita ce abin da yaran yanzu ba su san nauyinsa ba. A fiƙihun Malikiyya, in dukiyar ta kai rubu'in dinari, a masallaci ake yin ta. Mutum ya yi alwala, a tafi da shi, masinja a gaba, mai ƙara a baya, 'yan kallo na biye. Tsakanin ƙofar kotu da ƙofar masallaci ake gama yawancin rigingimu. Sai ka ga yayansa ya sha gabansa ya ce, "Kai, gidanmu ba a dafa Alƙur'ani a kan kuɗi, nawa ne?" Ko mai gaskiya ne ba a so ya rantse. Tsoro na daji, kunya na gida.

Akwai kuma i'izari, wanda sababbin alƙalai ke yawan tuntuɓe da shi. Kafin a yanke hukunci dole a tambayi wanda zai faɗi, "Kana da sauran magana ko wata hujja?" a kuma rubuta amsarsa. In aka manta, shari'ar da aka yi wata uku ana yi sai ta zube a ɗaukaka ƙara, wanda kwana 30 ake ba mutum ya shigar. Amfaninsa shi ne wanda aka kayar ya fita ya san an ji ta bakinsa. Irin wannan yakan biya, ko kashi-kashi ne, ba sai an kai ga kama kaya a yi gwanjo ba.

Na tsallake abin da ya kamata in fara da shi. Kundin laifuffuka na Arewa, wanda muke ce wa Final Kod, an zartar da shi a 1959 zamanin Sardauna, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun 'yancin kai. Daga na Sudan aka kwaikwayo shi, kuma kwamitin masanan da ya ba da shawarar a 1958 Babban Jojin Sudan, Abu Rannat, ne ya shugabance shi. A nan Kongo, Makarantar Koyon Mulki, aka riƙa tara alƙalai da ma'aikatan kotu ana koya musu shi. Su Kawu da suka tashi da Tuhufa, littafin shari'ar Malikiyya, a ka, aka zaunar da su a benci suna haddace lambobin sashe. To ko a cikin wannan kundi na zamani, masu rubuta shi ba su yar da kunya ba. Sashe na 403 ya mayar da shan giya laifi ga Musulmi kaɗai. Kwalba ɗaya a Sabon Gari, mutum biyu a tebur ɗaya, ɗaya mai laifi ɗaya ba ruwansa. Kuma bulalar haddi da aka bari a ciki an ɗaure ta da sharuɗɗa: bulalar fata mai laushi, mai dukan ba zai ɗaga hannu ya wuce kafaɗa ba, ba a yarda ta fasa jiki ba. Tozarta ake nufi da ita, ba azaba ba. Wanda aka yi wa ita a gaban jama'a, ranar da zai nemi auren 'yar wani ake tuna masa.

Yanzu in ba ɗan Yaya Babba nasa, don ba duka maganarsa ce banza ba. Kotunan En'e sun ɗaure 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a kan taro babu izini da zagin sarauta, kuma kowa ya san izinin nan ba kowa ake ba ba. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba sau biyu ba, ga shi yau sunanta ne a kan babban asibitin Ƙofar Gayan. Doka ce ta hana matan Arewa ƙuri'a, ba su jefa ta a zaɓen tarayya ba sai 1979. Tun kafin nan dokar Turawa ce ta ce baƙon Kudu ya zauna Sabon Gari, baƙon Arewa Tudun Wada, ɗan gari cikin ganuwa. Laifin zaman banza da yawon banza kuwa talaka kaɗai yake kamawa, ba a taɓa kawo mai mota a kansa ba, har aka soke na yawon a 1989. Kawu in aka tayar da maganar NEPU shiru yake yi ya jawo carbi, kuma na san abin da shirun yake nufi. Amma yaron nan ya ɗauki wannan ya rufe komai da shi, kamar ba a taɓa karɓar wa marainiya gadonta daga hannun baffanta a kotunan nan ba.

A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna aka yi kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. 'Yan doka suka narke cikin 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma na tarayya. An rage zalunci, wannan ba musu. Sai dai alƙali ya zama ma'aikacin da ake yi wa canji daga gari zuwa gari, bai san gidan kowa ba. Da gwamnatin Balarabe Musa, wadda ta hau a 1979, ta soke haraji da jangali, talaka ya huta da tare hanya ana tambayar rasit, kuma ba na fata abin ya dawo. Amma da harajin ne mai unguwa ke ƙidaya duk shekara, ya san kowane baligi, ɗan wane ne, me yake yi. Haraji ya tafi, ƙidayar ta bi shi. Ko da aka raba kotunan yanki gida biyu a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, aka yi na shari'ar Musulunci da na gargajiya, allon ƙofa ne ya canja. Masinja dai yana yawo a sababbin unguwannin bayan Samaru da hanyar Jos yana tambayar gidan da maƙwabcinsa ma bai san mai shi ba.

Shi ya sa mai bin bashi yanzu ba ya son sammaci. Caji ofis yake tafiya, ya canja wa bashin suna ya koma cin amana ko zamba, a kama mutum da yammacin Juma'a ya kwana uku kafin Litinin. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma ba inda za ka tsaya a Zariya ka ce babu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi zalla, ta hana kama ƙane a madadin wa. Duk yana rubuce, kamar yadda aka rubuta "beli kyauta ne" a jikin bango. Kunya ta daina biyan bashi, an koma tsoro, an shigo da daji cikin gida.

Belin ma ga yadda aka tsara shi. Mai tsaya wa mutum ya zama sananne, mai gida a yankin kotun, ya kawo hoto da takardar mai unguwa, ma'aikacin kotu ya je ya ga gidan da idonsa, sannan ya sa hannu cewa in wanda ya tsaya wa ya gudu zai biya abin da aka yanka. Hikimar ita ce yaro ya fi jin nauyin ya jefa kawunsa cikin asara fiye da tsoron alƙali, kawun kuma shi zai zama ɗan sandansa a gida. Haka ake yi wa masu faɗa, a sa su ɗauki alkawarin zaman lafiya na wata shida ko shekara, da dattijo a bayan kowanne. Yanzu je ka gindin bishiyar harabar kotu, za ka tarar da masu tsayawa na haya, da hotunansu a aljihu da farashinsu. Mutum ɗaya ya tsaya wa biyar a mako, bai san sunan uban ko ɗaya ba. Ma'aikacin da ya kamata ya je duba gida an ba shi kuɗin mashin, ya rubuta ya gani daga kan kujerarsa. Ranar zama a kira suna, babu mai laifi, babu mai tsaya masa, a aika adireshin a tarar da kango. Na rubuta takarda a kan wannan har sau biyu kafin in yi ritaya a 2007, wanda na miƙa wa ya ce in bar abin da ya fi ƙarfina, kuma har na bar aiki suna aljihun teburinsa.

Ɗan Yaya Babba ya ce zai dawo ranar Juma'a da littattafansa. Na ce ya zo da su, ya kuma zo mini da amsar tambaya ɗaya: a cikin waɗanda ya karɓar wa beli bana, gidan masu tsayawa nawa ya taka da ƙafarsa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar auren.