Sai bayan shekara 33 suka tuna da Michael Dougherty

Wallahi labarin bawan Allahn nan ya tsaya min a rai. Michael Dougherty ɗan ƙasar Ayilan ne, an haife shi a 1844 a yankin Donegal, ya tsallaka Amurka a 1859 yana yaro, lokacin da 'yan Ayilan ba su da wata daraja a can, aikin ƙarfi ake ba su kuma ana ƙyamarsu don 'yan Katolika ne. Da yaƙin basasa ya ɓarke sai ya shiga sojan doki na Pennsylvania, runduna ta 13, ɓangaren Arewa. Farabiti ne fa, ko igiya ɗaya ba shi da ita.

Ran 12 ga Oktoba 1863, a Jefferson ta jihar Virginia, sojojin Kudu sun laɓe a wani gida da ba kowa ciki suna ta ɓarin wuta, shi kuwa ya ja wasu 'yan uwansa suka ratsa fili fetal, babu ko bishiyar fakewa, harsashi na ta ruwa, suka fatattake su daga gidan, sannan suka riƙe shi awa da awanni ana kawo musu hari suna mayarwa, da haka suka hana abokan gaba zagayo wa rundunarsu ta gefe. Ƙarshe dai aka kama shi.

Abin da ya biyo baya ne ma ya fi ɗaga min hankali. Kusan wata 18 ya yi a tsare, har da Andersonville, sansanin nan na Georgia da fursuna kusan 13,000 suka mutu saboda yunwa da gudawa da ƙazantar ruwa. Ya fita da rai, fata da ƙashi, aka zuba su a jirgin ruwan Sultana za a kai su gida, jirgin mutum 376 aka danƙara masa sama da 2,000, tukunyar injin ta fashe kusa da Memphis ran 27 ga Afrilu 1865, sama da mutum 1,100 suka halaka. Nan ma Allah ya yi da sauran kwanansa.

To duk da wannan, sai a 1897 gwamnati ta ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, yana da shekara 52. Ni abin na min ciwo gaskiya, ƙasar da ba a haife ka ba ka ba ta ƙuruciyarka da lafiyarka, ita kuma ta bar ka kana jira har furfura. A garin Bristol na Pennsylvania ya ƙarasa rayuwarsa, ya rasu a 1930.